Faifan Garmaho da Kiɗan Jazz, Funk da Gospel

Faifan garmaho baƙin faranti ne da aka sassaƙa wa siririn layi guda, wanda ya nannaɗe tun daga baki har tsakiya. Faifai na juyawa, allura na bin layin tana karkarwa, na'ura kuma tana mayar da karkarwar sauti. Fayafayan farko suna juyi 78 a minti, ga saurin fashewa, kuma gefe ɗaya ba ya wuce 'yan mintuna. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da na roba mai juyi 33 da ɗoriya, wanda ke ɗaukar kimanin minti 20 a kowane gefe. Wannan ya yi wa jazz rana, don mai busa ya samu filin baje kolinsa ba a katse shi ba.

Jazz, funk da gospel duk daga baƙaƙen fatar Amurka suka fito. Jazz ya tashi a New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma gwaninta a cikinsa ita ce ƙirƙirar kiɗa nan take. Gospel waƙar coci ce, wadda Mahalia Jackson ta yi fice a kanta. Funk kuwa James Brown ne ya ɗaukaka shi a shekarun 1960, inda ganga da jita mai kauri suke jan ragama. Abin da ya haɗa su ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe: jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, tsarin da duk mai sauraron Mamman Shata ya sani.

Gwanin jazz Louis Armstrong ya zo Najeriya a 1960, James Brown ya yi wasa a Legas a 1970, lokacin da Fela Kuti ke gauraya jazz da funk da kiɗan gida. Arewa ma ba a bar ta a baya ba, domin Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da kayan busa na Turawa. Daga baya kaset ne ya ture faifai, saboda araha da sauƙin ɗauka, ga shi rakoda na aiki da batir a ƙauyen da babu lantarki. Duk da haka faifan bai mutu ba. A 2013 kamfanin Sahel Sounds ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a faifai mai suna Harafin So.

Sauraron faifai sai da natsuwa. Ba a tsallake waƙa da danna yatsa. A zauna a ji gefe ɗaya har ƙarshe, sannan a tashi a juya. Masu sha'awarsa sukan ce sautinsa ya fi na waya daɗi, ko da yake lasifika da lafiyar allura ne ke yanke hukunci.

A gari irin Baure, cikin masarautar Daura a bakin iyakar Nijar, abokan gabar faifai biyu ne: ƙurar hunturu da zafin bazara. Ƙura kan cika layin, sai a riƙa jin ƙaras-ƙaras, allura ta dushe. Shi ya sa ake riƙe faifai ta gefe, a goge da ƙyalle mai laushi, a mayar cikin jakarsa. Ana jera su a tsaye, ba a jibga wani kan wani ba, nesa da rufin kwano da hasken rana, domin faifan da zafi ya lanƙwasa da wuya ya sake miƙewa.