Barin Sigari Kafin Tiyata: Yadda Za Ka Jure Ƙunci da Fushi

'Yan'uwa, duk mai shan sigari da aka sa wa ranar tiyata, ta gwaiwa ce ko ta rage ƙiba, likita zai ce masa ya daina. Mutumin Amarawa zai ji wannan magana ko Asibitin Koyarwa na Sakkwato ya je, ko ya tsallaka Ƙwanni zuwa asibitin Galmi. Dalili kuwa, nikotin yana matse jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini ke ɗauka, sai ɗinki ya yi jinkirin warkewa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa dainawa mako 4 kafin aiki yana rage haɗari.

Wuyar abin a zuciya take. Saurin fushi, ƙunci da rashin barci ba lalacewar hali ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba. Abin yakan tsananta a kwana 3 na farko, ya lafa cikin mako 2 zuwa 4. Idan sha'awar ta taso, sha ruwa, ka tashi ka zaga. Cikin 'yan mintoci takan wuce. Ƙaurace wa teburin mai shayin da ka saba kunnawa. Sanar da iyalinka tun da wuri, don su yi haƙuri da kai. In kuwa ka zame ka sha, kada ka ɓoye wa likita.