Gasar Manhajojin Burauza da Buɗaɗɗun Ƙa'idojin Yanar Gizo

Burauza manhaja ce da ake buɗe shafukan yanar gizo da ita, kamar Firefox da Chrome da Safari. Aikinta shi ne ta karanta umarnin da aka tsara shafi da shi, ta mayar da shi rubutu da hotunan da mai karatu zai gani. Ke nan, in ana son shafi guda ya bayyana daidai a kowace burauza, wajibi ne a sami ƙa'idojin da kowa ya amince da su. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin Hausa, domin dalilin samar da ƙa'idojin rubutu ke nan, wato Bakano ya rubuta, Basakkwace ya karanta ba tare da tuntuɓe ba. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙago yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989, shi ne ya kafa ƙungiyar W3C a 1994 don tsara irin waɗannan ƙa'idoji. Ana ce musu buɗaɗɗu saboda ba mallakar wani kamfani ba ne, kowa yana iya aiki da su.

Sai dai kasuwa ba ta jira ƙa'ida ba. Burauzar Netscape ta fito a 1994, Microsoft kuwa ya fitar da Internet Explorer a 1995, daga bisani ya riƙa haɗa ta da Windows kyauta. Kowane ɓangare ya shiga cusa wa tasa burauzar abubuwan da ta abokin hamayya ba ta ganewa, har masu tsara shafuka suka koma rubuta gargaɗin cewa shafinsu ya fi kyau a burauza kaza. Gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu a 1998, amma kafin a kammala shari'ar Netscape ta riga ta durƙushe. Zuwa 2002 fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shiga yanar gizo da Internet Explorer suke aiki.

Abin lura a nan shi ne abin da ya biyo bayan nasarar. Daga fitowar Internet Explorer 6 a 2001 sai da aka shekara biyar kafin a ga ta 7 a 2006. Kurakuranta suka zama tamkar doka, tun da a kansu ake gina shafuka. Wanda ya zaɓi wata burauza sai ya tarar shafin banki ko na makaranta ya ƙi buɗewa. Zaɓi irin wannan kuwa suna ne kawai. Fitowar Firefox a 2004 da Chrome a 2008 ita ta farfaɗo da gasar. Tarayyar Turai ma ta sa Microsoft ya riƙa nuna wa jama'a jerin burauzoji su zaɓa daga 2010, ta kuma ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013 saboda saɓa alkawarin. An daina kula da Internet Explorer a 2022, amma tsohuwar damuwar ba ta gushe ba, domin Chrome da Edge da Opera duk a kan tushe guda mai suna Chromium aka gina su.

Malamin Hausa yana da nasa rabon a cikin wannan batu. A da, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai da zubin haruffa na musamman ake buga su, kuma da zarar an buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan zubi sai su rikiɗe su koma wasu alamomi. Shi ya sa da yawa suka haƙura da lanƙwasar, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki". Buɗaɗɗen tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, ta yadda ƙ ɗin da aka buga a Zariya ƙ ce za ta bayyana a Damagaram, ko da wace burauza aka buɗe shafin.