Ƙullutu a Jikin Yaro: a Duba Kafin a Tsaga

Sau da yawa uwa tana cikin yi wa ɗanta wanka sai hannunta ya faɗa kan wani ƙullutu a wuya ko a hammata, kafin hankalinta ya kwanta kuwa wata maƙwabciya ta riga ta ba da fatawa cewa a kira wanzami ya tsaga. Alhali abin da ke ƙarƙashin fata gaibu ne ga yatsa, domin kaluluwa da maruru da tarin kitse da dunƙulen jijiyoyin jini duka sukan yi kama a wajen taɓawa, wanda kuwa ya sa aska a kan na ƙarshen nan, tsayar da jinin zai zame masa jidali.

Na'urar nan da mata suka sani da sunan sikanin, wadda ake samu a manyan asibitoci irin su Asibitin Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jalingo, amfaninta bai tsaya ga masu juna biyu ba. Hikimarta irin ta jemage ce: takan aika da sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a daƙiƙa, wanda kunnen ɗan Adam ba ya riska, sa'an nan ta mai da amsa-kuwwar da ta dawo ta zama hoto, ruwa ya fito baƙi, tsoka ta fito toka-toka, gudun jini kuma ya bayyana da launi. Ba allura, ba yanka, ba kuma hasken nan na hoton ƙashi da ake yi wa yara tsoron yawansa. Ɗan mai ne mai sanyi za a shafa, yaro yana kwance a cinyar uwarsa.

Likita Ian Donald ya bayyana fa'idar na'urar a birnin Gilasgo cikin 1958, a shekarar nan kuma Denis Burkitt ya siffanta wata sankara da ya gani a Yuganda, mai kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin tamu.

Galibin kumburin yara, alhamdu lillahi, kaluluwa ce da kan saɓe idan ciwon da ya tayar da ita ya warke. Amma ƙullutun da ya yi tauri, ba ya motsi, yana ta girma mako bayan mako, ga rama da gumin dare, shi ne abin shubuha, domin tarin fuka ma yakan sauka a wuya. A nan hoto zato mai ƙarfi kaɗai yake bayarwa. Yaƙini sai an ɗebi ɗan nama da allura an duba a madubin likita, sau da yawa ma sikanin ɗin ne ke nuna wa allurar hanya.