Dalilin Da Ya Sa Soro Ya Fi Ɗakin Kwano Sanyi

A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, masu ɗakunan kwano sukan tsere gindin itatuwa da tsakar rana, alhali mazauna sorayen ƙasa suna hutawa a ciki. Masana kimiyya sun daɗe da gano dalilin haka.

Shi dai zafi kullum daga wuri mai ɗumi yake tafiya zuwa mai sanyi, ta hanyoyi uku. Yakan ratsa jikin abu, shi ya sa cokalin ƙarfe ke ƙona hannu idan an bar shi cikin miya, amma muciya ba ta yi. Yakan bi iska ko ruwa, domin iskar da ta yi zafi nauyinta kan ragu, sai ta yi sama. Yakan kuma iso daga nesa, kamar yadda ake jin rana ko garwashi ba tare da an taɓa su ba.

Kwano ƙarfe ne, ga shi kuma falle ɗaya. Zafi yana ratsa shi nan da nan, sa'an nan ya sauko kan mutanen ɗaki. Da rana ta faɗi sai ya huce, don haka ɗakin da ya gasa mutum da bazara shi ne zai hana shi barci da hunturu.

Ƙasa kuwa abu biyu gare ta. Na farko, zafi ba ya ratsa ta da sauri. Na biyu, tana shanye shi da yawa kafin ta ɗumama: kilo ɗaya na busasshiyar ƙasa yana bukatar kusan ninki biyu na zafin da kilo ɗaya na ƙarfe ke bukata, ga bangon tubali da kauri. Saboda haka zafin azahar ba ya isa ciki sai bayan sa'o'i da yawa. Da dare bangon ke sakinsa, watau abin so da hunturu, da bazara kuwa a fita tsakar gida a kwanta.

Jinka ta sha bamban. Iska ce ke maƙale tsakanin ciyayinta, iskar da ba ta motsi kuwa tana cikin abubuwan da zafi ya fi wuyar ratsawa. Haka bargo ma ke aiki.

To, wanda ya riga ya yi rufin kwano bai rasa mafita ba. Ya sa silin, ya bar sarari tsakaninsa da kwanon. Ya shafa wa rufin farin fenti, domin fari yana mayar da hasken rana. Ya buɗe ƙananan tagogi can sama don iska mai zafi ta fita, ya kuma dasa dogon yaro ta yamma da ɗakin. Jarirai da tsofaffi da marasa lafiya, waɗanda ke wuni a ɗaki, su ne zafi ya fi yi wa illa, su ne kuma za su fara cin moriyar wannan gyara.