Zoben Benzin: Tsakanin Lemon Kwalba da Galan ɗin Fetur

Saƙon nan da ke cewa duk wanda ya sha lemon kwalba ya bi shi da bitamin C ya sha guba ya ƙi mutuwa. Duk bayan wani lokaci sai ya sake kunno kai a WhatsApp. Tushensa hukuncin da wata babbar kotun jihar Legas ta yanke ne a 2017, inda ta umarci NAFDAC ta sa kamfanin da ke yin Fanta da Sprite ya rubuta gargaɗi a jikin kwalba cewa kada a haɗa su da bitamin C. Ƙarar ta taso ne bayan hukumomin Ingila sun ƙwace lemon da wani ɗan kasuwa ya kai can, saboda sinadarin benzowik asid da ke ciki ya haura iyakarsu ta miligiram 150 a kowace lita.

Abin takaici, tun daga nan mutane suka mai da benzowik asid da benzin abu guda, wasu har da digirinsu. Benzin kam yana jawo sankarar jini, wannan ba gardama. Amma zoben da aka gina shi a kai yana cikin farasitamol da asfirin, yana kuma cikin furotin ɗin wake da nama da madara. Da zoben ne gubar, da tuni mun ƙare.

Michael Faraday ya gano benzin a 1825, August Kekulé kuma ya ce a 1865 zobe ne na ƙwayoyin kabon shida, kowace riƙe da haidurojin ɗaya. Kekulé ya zana ɗaurin da ke tsakaninsu bi da bi, ɗaya tilo, na gaba ninki biyu. Sai dai gwaji ya ƙi yarda da zanen. Ɗauri tilo tsawonsa pikomita 154 ne, mai ninki 134, amma a benzin duka shidan 139 ne cif. Ga shi kuma ɗalibin sakandare ya san etin na gusar da launin ruwan buromin nan take, benzin kuwa ko gezau.

Amsar tana cikin obital, wato gurbin da aka fi samun elektiron a kewayen ƙwayar zarra. Kabon na da obital s ɗaya da p uku a ɓawonsa na waje. A benzin yakan gauraya s da p biyu, su ba da sababbi uku da ake kira sp2, kwance a shimfiɗe, digiri 120 tsakaninsu. Biyu suna riƙe maƙwabta, ɗaya yana riƙe haidurojin. Ragowar p ɗin yana tsaye da elektiron ɗaya tak. A nan ne abin yake: mutum shida ne zaune a da'ira, maimakon su rabu bibbiyu kowa da kwanon abokinsa, sai suka juye tuwonsu a akushi ɗaya a tsakiya. Babu mai iya nuna lomarsa, kuma wanda ya zo ya janye mutum ɗaya, da duka shidan zai yi. Haka elektiron shidan nan suka bazu sama da ƙasan zoben, shi ya sa yake da wuyar fasawa. Erich Hückel ne ya bayyana a 1931 cewa zobe shimfiɗaɗɗe mai elektiron 2 ko 6 ko 10 irin waɗannan yakan sami wannan ƙarko.

Jiki kuwa abin da ke rataye a zoben yake dubawa. Benzowik asid ma zoben nan ne, amma yana da reshe da hanta ke kamawa, ta haɗa shi da gilaisin, a fitsarar da shi. Benzin tsirara yake, ba marikin kamawa, don haka hanta kan cusa masa iskar oksijin, abubuwan da ke fitowa daga nan su ne ke lalata ɓargo.

Jita-jitar ba ta rasa ƙanshin gaskiya ba. In benzowik asid da bitamin C suka daɗe tare cikin kwalba, ga zafi, ga haske, ga ɗan burbushin ƙarfe ko tagulla, reshen na iya cirewa a sami benzin kaɗan. Hukumar FDA ta Amurka ta ga haka a wasu lemuka, kamfanoni suka sauya haɗi. Tambayar da ta dace da mu ke nan ita ce ta akwatunan lemo da ke wuni cikin ranar Afrilu a ƙofar shaguna, kuma ban ga hukumar da ta damu da su ba.

Benzin na gaske kuwa yana cikin fetur da hayaƙin taba. Ɗan bumburutu yana zuƙo fetur da baki ta tiyo, makaniki yana wanke hannu da shi, yaron shago yana ɗura wa janareto a ɗaki rufe. Ta huhu da fata yake shiga jikinsu, kullum, kuma babu kotun da ta ce a rubuta musu gargaɗi a jikin galan.