Barin Lissafi A Ajin Ƙarshe: Yadda Abin Yake A Nansha

'Yan kasuwarmu da ke zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin sun san Nansha ne da tashar jiragen ruwa, inda ake loda kwantenoni. To amma a wannan gunduma ce kuma aka buɗe sabon reshen Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong a shekarar 2022, wanda ya fara ɗaukar ɗaliban digiri na farko a 2023.

Yaron da ke ajin ƙarshe na sakandare a Nansha ba shi da damar cewa ya gaji da lissafi. Tun daga 2021, jarrabawar shiga jami'a, wato gaokao, a lardin Guangdong ta tanadi darussa uku na dole: Sinanci, lissafi da harshen waje, kowanne da maki 150, daga cikin jimlar 750. Ɗalibi yana iya zaɓar fiziks ko tarihi, amma takardar lissafin iri ɗaya ce ga kowa. Mai burin karanta adabi da mai burin zama injiniya tambayoyi guda suke amsawa da yammacin ranar 7 ga watan Yuni. Wanda ya yi sakaci da ita ya yi wasa da kashi ɗaya cikin biyar na makinsa, a ƙasar da ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi rajistar jarrabawar a 2025, inda maki ɗaya tak kan raba mutum da jami'ar da yake so.

A Nijeriya kuwa, a watan Oktoban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ba da sanarwar cewa cin lissafi ya daina zama sharaɗin shiga jami'a ga masu neman fannonin adabi da makamantansu. Ba a jima ba ta ƙara bayani cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibi ya zauna jarrabawar darasin a ƙarshen sakandare. Sai dai wanda ya san halin ɗalibi ya san abin da kunnensa ya ɗauka: an sauke masa kaya.

A nan ne nake ganin iyaye ya kamata su yi hattara, musamman masu fatan 'ya'yansu su samu gurbin karatu a waje. A watan Disambar 2025 ƙasar Sin ta fara gudanar da wata sabuwar jarrabawa mai suna CSCA, wadda aka wajabta wa baƙi masu neman tallafin gwamnatin ƙasar don yin digiri na farko. Fiziks da kemistiri sun danganta da fannin da mutum ya nema. Lissafi kuwa yana kan kowa, har da yarinyar da ta taso daga Kano ko Zariya da niyyar karanta harshen Sinanci kawai.