Idan Maigida Ya Yi Gum

A Lafiya, magidanci kan dawo daga Kasuwar Alamis ba ciniki, ya tarar da maganar kuɗin makaranta, sai ya yi gum. Uwargida ta ɗauka raini ne, ta ƙara ɗaga murya, shi kuma ya ƙara kame baki.

Ba kullum ne raini ba. Masanin zamantakewar aure ɗan Amurka, John Gottman, ya gano cewa a irin wannan hali bugun zuciya kan haura 100 a minti ɗaya, mutum ya kasa saurare. Jiki na buƙatar aƙalla minti 20 kafin ya huce.

Saboda haka a dakata, amma a tsayar da lokaci: "Maigida, bayan Isha'i sai mu ƙarasa maganar." Shirun da ya wuce kwana uku kuwa ya zama gaba, sai a sa manya.